BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: SHIRIN MA'AIKACI KAFIN RITAYA DA BAYANTA

Laccar da aka gabatar ga 'yan'uwa ma'aikata da tsofaffin ma'aikata a garin Jega

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam cikin rauni, Ya ba shi ƙarfi na wani lokaci, sannan Ya mayar da shi ga rauni da furfura. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

  

Abin da ya tara mu a yau magana ce da yawancin ma'aikata ba su son ji, wato ranar da za a miƙa wa mutum takarda a ce masa aikinsa ya ƙare. A ƙa'idar aikin gwamnati a ƙasar nan, ma'aikaci yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. A shekarar 2022 an yi dokar da ta ɗaga wa malaman makaranta zuwa shekara 65 ko shekara 40 ta aiki. Ke nan, babu wani ma'aikaci da bai san wannan rana ba tun daga ranar da ya karɓi takardar kama aiki. Ajali ne kawai aka ɓoye mana, amma ranar ritaya a rubuce take cikin fayil ɗin kowa. To, abin mamaki, ita ce ranar da take zo wa mutane da yawa kamar ɓarawon dare.

Dukkanmu mun san irin wannan bawan Allah, ba sai mun kama suna ba. Jiya yana da ofis da masinja, ana tashi tsaye idan ya shigo. Yau ga shi a ƙofar gida kan benci tun hantsi har la'asar, albashi ya tsaya, fansho bai fara ba, kuɗin sallama ana ta cewa gobe. Gidan da yake ciki na haya ne, ƙaramin ɗansa yana firamare, ga bashin banki bai gama biya ba. Kafin shekara biyu hawan jini ya kama shi, ya fara faɗa da iyali a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan mutum ba malalaci ba ne, kuma ba mugu ba ne. Laifinsa ɗaya: ya bari sai ranar tafiya sannan ya tashi fafe gora.

DARASI DAGA MANOMIN ALBASA

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Ku dubi manomin albasa na Aliero. Ba ya jiran ranar dashe kafin ya nemi iri. Tun da sauran lokaci yake gyara wurin reno, ya yafa iri, ya yi ta ban ruwa makonni, sai ya yi ƙwari sannan ya cire ya dasa. Idan ya kwashe amfani ba ya kai shi kasuwa gaba ɗaya lokacin da ta yi araha. Yakan ware wadda za a sayar don biyan buƙata, ya ɗora saura a rudu yana dubawa yana tsince ruɓaɓɓu har farashi ya tashi, ya kuma keɓe wadda za ta ba shi irin baɗi. Wannan manomi bai shiga ajin koyon tattalin arziki ba, amma ya fi ma'aikata da yawa fahimtar rayuwa.

Wannan shi ne abin da Alƙur'ani ya koya mana a cikin ƙissar Annabi Yusufu (A.S.), inda ya shawarci mutanen Masar da su adana amfanin shekaru bakwai na wadata a cikin zangarniyarsa, domin shekaru bakwai na ƙunci da ke tafe. Babu wanda ya isa ya ce Annabi Yusufu ba shi da tawakkali. Saboda haka mai cewa tanadi rashin dogara ga Allah ne, bai fahimci tawakkali ba. Shekarun albashi su ne shekarun wadata, ko da kuwa muna ganin albashin bai taka kara ya karya ba. Kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya hore mu da ribatar ƙuruciya da lafiya da wadata da sarari da rayuwa, tun kafin kishiyoyinsu su riske mu.

Abin da muke son kowa ya tafi da shi gida shi ne: shirin ritaya yana farawa ne aƙalla shekara goma kafin ranar. Kuma shirin iri biyu ne, akwai na abin da za a ci, akwai na abin da za a yi. Wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya, da sauransa.

NA FARKO: TAKARDU DA SANIN HAƘƘI

Yawancin wahalar da 'yan fansho ke sha wajen tantancewa tana farawa ne daga takarda guda da ta ɓace shekaru ashirin da suka wuce. Tun yanzu kowa ya haɗa takardar kama aiki, da ta tabbatar da shi a aiki, da takardun ƙarin girma duka, da shaidar haihuwa, ya yi musu kwafi ya adana a wuri biyu. Ya duba ko ranar haihuwarsa da rubutun sunansa sun zo ɗaya a fayil da banki da katin ɗan ƙasa. Waɗanda suka fara aiki a tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a watan Agusta na 1991, su ne suka fi kowa sanin yadda fayil ke iya yin ɓatan dabo tsakanin ofis da ofis. A nan kuma muna jan kunnen masu rage shekaru don su daɗe a kujera. Wannan ƙarya ce, kuma tauye haƙƙin na baya ne, albashin da aka ci da ita babu albarka a cikinsa.

Sannan kowa ya san tsarin da yake ciki. A shekarar 2004 Gwamnatin Tarayya ta kawo tsarin fansho na karo-karo, aka sake dokar a 2014, inda ake cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunansa a hannun kamfanin kula da fansho, ƙarƙashin sa idon Hukumar Fansho ta Ƙasa. Jihohi da ƙananan hukumomi kuwa kowace da dokarta. Saboda haka wajibi ne ma'aikaci ya je da ƙafarsa ya tambaya: a wane tsari nake? Ana zuba kuɗina kuwa? Nawa suka taru? Mai irin wannan asusu ya sani kuma cewa tun 2021 an buɗe wani rukuni da ba a juya kuɗinsa ta hanyar riba, sai ta hanyoyin da suka dace da Shari'a irin su sukuk, kuma mutum yana da damar ya nemi a mayar da shi can. 'Yan kasuwa da masu sana'ar hannu ma an buɗe musu ƙofar ajiyar fansho tun 2019.

Fansho ba sadaka ba ce da ake yi wa tsoho, guminsa ne aka jinkirta. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 173 da na 210, ya tabbatar da wannan haƙƙi, har ya ce a riƙa sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka sake duba albashi. Don haka muna kira ga duk wanda Allah Ya ɗora wa riƙon fayil ɗin tsofaffi, a kowane mataki yake, ya ji tsoron Allah. Wanda ya jinkirta haƙƙin dattijo ko ya nemi a ba shi wani abu kafin ya tura takarda gaba, ya tuna shi ma layin yana jiran sa, kuma akwai wata tantancewar da ta fi wannan tsanani.

NA BIYU: BASHI, MUHALLI DA SANA'A

Kada ɗayanmu ya shiga ritaya da bashi a wuyansa in yana da iko. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan bashi ta sauka, tana umurni da a rubuta a kafa shaidu, kuma Annabi (S.A.W.) ya kasance yana yawan neman tsari daga nauyin bashi. Shekaru biyar na ƙarshe ba lokacin cin sabon bashi ba ne, balle na banki mai ruwa. Lokaci ne na sauke na baya.

Sai muhalli. Ɗaki biyu naka na kanka, ko da na ƙasa ne, ya fi katafaren gidan haya ko gidan gwamnati da za a ce ka fita. A fara da fili, a riƙa ajiye bulo kaɗan-kaɗan. Waɗanda aiki ya kai su Birnin Kebbi ko Kaduna ko Abuja, kada su yanke ƙafa da gida, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda bai zo jana'iza ba bai zo suna ba shekara talatin, kada ya yi tsammanin a shimfiɗa masa tabarma ranar da ya dawo da kayansa.

Sannan sana'a. Fansho kaɗai ba ya riƙe gida, ko da ana biya a kan kari. Ku duba: mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira 18,000 ne a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024. Ba arziki ne ya ƙaru ba, darajar kuɗin ce ta zube, musamman bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Wanda aka yanka wa fansho a kan tsohon albashi, kowace shekara abin da kuɗinsa ke saya raguwa yake yi.

Allah Ya yi wa wannan yanki namu baiwa. Ga fadamar Gulbin Zamfara, ga shinkafa da albasa da tattasai da gero, ga kiwo, ga kasuwar Jega wadda ta daɗe tana haɗa fatake, tana zaune a mahaɗar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri. Amma a kula, sana'a ba a fara ta da kuɗin sallama. Ana fara ta ne tun ana ɗaukar albashi, da ɗan kaɗan, yadda in an faɗi albashin wata zai ɗaga mutum. Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, ya kwashi dukkan abin da ya tara ya zuba a noman rani a shekara guda, bai san tsadar mai da taki ba, bai san cutar ganye ba, ya ɗauki kasada babba. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan ta isa ta koya mana kada a zuba komai a gona ɗaya. Ka fara da kadada guda ko tumaki biyar, ka zauna gaban wanda ya gada ka koya, ko da a ofis kai ne darakta shi kuwa bai yi boko ba. Girman kai ba ya noma.

NA UKU: RANAR DA KUƊIN SALLAMA SUKA SHIGO

Kuɗin sallama iri ne, ba abinci ba. Sau ɗaya suke zuwa a rayuwa, kuma ranar da suka shigo, a ranar masoya ke yawaita. Shawararmu ita ce mutum ya kame bakinsa, kada ya taɓa su har wata guda ko biyu, sai zuciyarsa ta natsu, ya yi istihara, ya shawarci mutum biyu masu amana da sanin kasuwa. Sannan ya kasa su kamar yadda manomin nan ya kasa albasarsa: kaso na biyan bashi da kammala muhalli, kaso na jari a sana'ar da ya riga ya sani, kaso na ajiya domin rashin lafiya da karatun yara.

A guji masu cewa kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu bayan wata. Mun ga yadda MMM ta rufe da kuɗin jama'a a watan Disamba na 2016, mun kuma ga CBEX a watan Afrilu na 2025. Suna ne kawai ke sauyawa, tarkon ɗaya ne, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala. In za a ba wani jari ya juya, ko da ɗan cikinka ne, a yi shi bisa ƙa'idar ƙiradi, a rubuta, a sa shaidu, a fayyace rabon riba. Rubutu ba zargi ba ne, kare zumunci ne.

Ƙarin aure halal ne, babu mai haramta abin da Allah Ya halatta. Amma ciyarwa da adalci sharuɗɗa ne, kuma mai shekara 60 ya yi lissafin wanda zai ɗauki nauyin jaririn da za a haifa masa. Aikin Hajji wajibi ne sau ɗaya ga mai iko, wanda bai sauke ba ya gaggauta. Wanda ya riga ya sauke kuwa, kada ya bar iyali da yunwa don ya maimaita nafila. Kuma in kuɗin sun kai nisabi suka shekara a hannu, zakka ta wajaba, ɗaya bisa arba'in.

Haka nan a rubuta wasiyya, a bayyana bashin da ake bin mutum da wanda yake bi, da inda takardun filaye suke. A sani kuma, wanda aka rubuta sunansa a fayil a matsayin makusanci ba shi ne mai dukiya ba. Wakili ne kawai, haƙƙin na magada ne duka bisa rabon da Allah Ya yi. Gidaje da yawa sun watse saboda jahiltar wannan. Kuma a zaunar da uwargida da manyan 'ya'ya tun da wuri a gaya musu gaskiyar abin da zai riƙa shigowa, domin matar da aka yi shawara da ita ta fi haƙuri a kan wadda aka ɓoye wa.

NA HUƊU: ME ZA A YI DA LOKACI?

Ya ku 'yan'uwa, wannan shi ne rabin da aka fi mantawa. Ma'aikaci yana ba gwamnati sa'a 40 a kowane mako. Ranar da ya ajiye aiki, an mayar masa da kimanin sa'a 2,000 a shekara, kuma za a tambaye shi yadda ya ɓatar da su. Ya inganta daga Annabi (S.A.W.) cewa yawancin shekarun wannan al'umma tsakanin sittin ne da saba'in, kuma wanda aka jinkirta masa har ya kai sittin an yanke masa hanzari. Ashe ke nan ritaya ba lokacin zaman majalisa ana cin naman mutane da gardamar siyasa ba ne. La'asar ce ta yi, sai mai tafiya ya ƙara sauri.

Magabatanmu sun nuna mana hanya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, bayan Allah Ya ba shi nasara, a shekarar 1812 ya raba tafiyar da mulki tsakanin ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, shi kuwa ya duƙufa ga karantarwa da wallafa a Sifawa, daga baya a Sakkwato, har ya rasu a 1817. Malam Abdullahi na Gwandu, wanda muke zaune a ƙasarsa, shi ma a ƙarshen rayuwarsa ya sakar wa na bayansa yawancin harkokin mulki, ya koma ga almajiransa da alƙalaminsa har ya cika a 1829. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1967, amma gushewar kujerar ba ta tsayar da karatunsa ba, ya ci gaba da karantarwa a Masallacin Sultan Bello na Kaduna har ƙarshen rayuwarsa a 1992. A zamaninmu kuma ga ɗan garin nan, Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, da wa'adinsa ya cika ya koma koyarwa a Jami'ar Bayero ta Kano. Abin da ya haɗa su shi ne, kowannensu yana da abin yi wanda bai rataya ga kujera ba.

To mu fa? Da farko mu koma makaranta. Da yawa cikinmu boko da aiki sun ɗauke mu tun ba mu gama Ahalari da Ishmawi ba. Babu kunya ga mai furfura ya durƙusa gaban malami ya gyara Fatiharsa. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni takwas, jimla 480. Wanda ya lazimci haddar sumuni biyu a mako, zai kammala cikin mako 240, wato ƙasa da shekara biyar. Wanda bai iya wannan ba, ya yi rabinsa.

Na biyu, mu mayar wa al'umma abin da muka koya da kuɗinta. Tsohon hedimasta ya ɗauki Islamiyyar unguwarsu ya tsara mata rajista da manhaja, ko ya buɗe ajin yaƙi da jahilci na magidanta. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta riƙa wayar da kan mata game da awon ciki da renon jarirai. Tsohon akanta ya riƙe littafin kuɗin masallaci da na marayu yadda kowa zai gani. Tsohon malamin gona ya zaga fadama yana ba da shawara. Tsohon alƙali ko ɗan sanda ya zauna a kwamitin sulhu, ya kashe rigimar aure da ta iyakar gona da ta manomi da makiyayi tun ba ta kai kotu ba. Ga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, da na kwalejin kiwon lafiya ta nan Jega, da yawansu suna buƙatar dattijon da zai zaunar da su ya ba su shawara. Ilmi mai amfani yana cikin abubuwa uku da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa, tare da sadaka mai gudana da ɗa na gari mai addu'a.

Na uku, mu kula da jiki, domin amana ne. A riƙa auna jini da sukari a kai a kai, a rage gishiri da zaƙi, a taka da ƙafa zuwa masallaci da gona. Jikin da ya saba fita ƙarfe bakwai na safe, in aka ajiye shi wuri ɗaya, da sauri yake rushewa.

KAMMALAWA

Muna roƙon kowane ma'aikaci da ke wurin nan, kafin ya kwanta yau, ya ɗauki takarda ya rubuta abu huɗu: ranar da zai ajiye aiki, bashin da ke kansa, sana'ar da zai fara koya a bana, da aikin alherin da yake son a same shi a kai in ajali ya zo. Iyayenmu da suka riga suka ajiye aiki kuma, kada su ce lokaci ya ƙure. Annabi (S.A.W.) ya kwaɗaitar da mai riƙe da dashen dabino ya dasa shi ko da Alƙiyama na shirin tsayuwa. Mu kuma matasa, mu riƙa ziyartarsu, mu raka su wurin tantancewa, mu nemi shawararsu, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

Allah Ya sa mafi alherin rayuwarmu ya zama ƙarshenta. Allah Ya yalwata mana arzikinSa na halal a lokacin tsufanmu, Ya tsare mu daga wulaƙancin roƙo da nauyin bashi, Ya ba masu riƙe da haƙƙin tsofaffi ikon sauke shi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.